KANO ZUWA JOS: MINTI 40 A SAMA, RABIN WUNI A ƘASA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman 'yan uwana na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, don maganar ta fi shafar mu.

A ranar 1 ga Nuwamban 2025 aka cika shekara 100 cif da saukar jiragen sama na farko a Kano. An yi ta taya juna murna, an yi ta yaɗa tsofaffin hotuna. To madalla. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu bayan murnar: a cikin shekara ɗarin nan, nesa ta zo kusa ga wa? Ga ɗan kudancin Kano, ko kuwa ga wanda ke wucewa ta saman kansa?

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi tiryan-tiryan, wato tafiya tsakanin Kano da Jos.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kudu da garin Jos, nisan bai wuce kilomita 270 ba idan aka miƙe sak kamar tafiyar tsuntsu. Jirgi mai injin jet yana cinye wannan tazara cikin kamar minti 35 zuwa 40, tun daga tashi har sauka. Mai farfela kuma ya ɗan ɗara, kamar minti 45 zuwa 50. Filin Kano yana kan tudu mai tsayin kusan mita 480 daga doron teku, na Heipang kuwa ya kusa mita 1,300. Kun ga ke nan wanda ya tashi daga Kano ya sauka a Jos, ya sauka a wurin da ya ɗara inda ya baro da kusan mita 800. Shi ya sa da an buɗe ƙofar jirgi sanyi ke fara yi wa Bakano maraba.

Yanzu ku ɗauko taswira ku ja layi tsakanin filayen biyu. Layin zai bi ta wajen Rano, ya bar tafkin Tiga da garin Tudun Wada a yamma, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce kusan ta kan Riruwai, sannan ya shiga ƙasar Lere ya hau tsaunukan Filato. Ma'ana, kusan rabin tafiyar nan a sararin samaniyarmu ake yin ta. Daga Rano zuwa iyakarmu da jihar Kaduna, jirgi ba ya ɗaukar fiye da minti goma da 'yan kai. Ku riƙe wannan minti goman, za mu dawo kansa.

A mota kuwa, tafiyar ta kai kilomita 300. Ka fito Kano, ka bi Kura, ka karya a Kwanar Ɗangora, ka shiga Tudun Wada, ka tsunduma dajin Falgore, ka ɓulla Doguwa, sai Saminaka, sai Jengre, sannan ka fara hawan dutse zuwa Jos. Idan Allah Ya taimaka, awa biyar. Idan ramuka da shingayen bincike da lalacewar mota suka haɗu maka, ka yi shida ko fiye. Duk wanda ya saba bin hanyar ya san ba ƙari na yi ba.

To ta yaya aka zo nan? Sai mun koma baya tukuna.

Kafin Bature ya zo, ƙasarmu ita ce ƙofar Kano ta kudu. Duk ayarin da ya fito daga Zazzau, ko daga Nupe da ƙasar Yarbawa ta hanyar Zariya, da wuya bai yada zango a Bebeji ba. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya bi ta garin a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, kuma ya bayyana shi a matsayin babban gari mai ganuwa da tarin jama'a. A wannan garin na fatake aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, mutumin da daga baya ya zama attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma. Arzikin Bebeji na wancan zamani hanya ce ta kawo shi.

A lokacin, ba da kilomita ake auna nisa ba. Da kwana ake aunawa. Ayari mai jakuna da 'yan alaro yakan yi tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 zuwa 25 ba a wuni, sai a yada zango. Idan muka yi lissafi da wannan, tazarar da jirgi ke cinyewa yau a minti 40 tafiyar kusan mako biyu ce ga kakanninmu. Kuma duk zangon da aka yada, mutanen wurin sun ci riba: mai tuwo ta sayar, mai harawa ya sayar, maƙeri ya yi gyara, fatoma ya karɓi nasa. Jinkirin tafiyar nan shi ne abincin garuruwan kan hanya.

Can kudu kuma akwai Riruwai, wadda tsofaffin takardu ke kira Liruwen Kano. Tun kafin Turawa su san akwai kuza a wannan yanki, mutanen Riruwai suna haƙo ta, suna narkawa, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai wa kasuwanni. Irin waɗannan sandunan dalma ne 'yan kasuwar Turawa na kamfanin Neja suka gani, suka yi ta bin diddigin inda suke fitowa, har binciken ya kai su tsaunukan Filato a farkon shekarun 1900. Daga nan ne garin Jos da muka sani yau ya tashi, garin haƙar kuza, Hausawa da sauran ƙabilu suka yi ta kwarara neman aiki da kasuwa. Don haka alaƙar Kano da Jos ba ta yau ba ce, kuma da hannun mutanen ƙasar Doguwa aka ƙulla ta.

Sai shekarar 1903. Rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya a ranar 29 ga Janairu. A Bebeji aka fara tare su, aka rufe ƙofar gari. Suka saita igwa suka fasa ƙofar, Sarkin Bebeji da wasu mutanensa suka rasa rayukansu a wurin. Allah Ya jiƙan su. Ranar 3 ga Fabrairu suka ci Kano. Ku ƙirga: kwana shida daga Zariya zuwa Kano, tafiyar da ba ta fi kilomita 150 ba.

Yanzu ku ji abin mamaki. Bayan shekara 22 kacal, a ranar 27 ga Oktoban 1925, wasu jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka bi ta Sudan da Chadi suna sauka suna shan mai, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman, suka sauka a filin wasan dawaki tunda babu filin jirgi a lokacin. Kwana nawa ke nan? Shida. Kwanakin da soja ya yi daga Zariya zuwa Kano a ƙafa, su jirgi ya yi daga Masar zuwa Kano. Dattijon da ya ga fasa ƙofar Bebeji da idonsa, yana raye aka zo masa da labarin ƙarfe mai tashi.

Amma kafin jirgin sama, jirgin ƙasa ne ya fara sauya mana lissafi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya ratsa ƙasar Kiru. Fataucin jaki na dogon zango ya fara ja da baya, kaya suka koma kan tarago. Saboda kuzar Filato kuma, Turawa suka shimfiɗa wani ɗan siririn layi daga Zariya, wanda faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kawai. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Wanda ke son zuwa Jos daga Kano sai ya hau babban jirgi zuwa Zariya, ya sauka, ya canja zuwa ƙaramin. Tafiyar mako biyu ta dawo kwana ɗaya ko biyu. Sai dai ku lura da inda layin ya bi. Bai bi ta Tudun Wada ba, bai bi ta Riruwai ba. Ya zagaye mu ta ƙasar Zazzau. Wannan shi ne karo na farko da hanyar Kano zuwa Jos ta kauce wa kudancin Kano. A 1927 aka haɗa Jos da babban layin gabas ta Kafanchan, ɗan siririn ya rasa kasuwa, a 1957 aka rufe shi.

Mu koma sama. A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa ta zuwa Legas. Daga nan filin Kano ya fara aiki sosai, shi ya sa ake ce masa filin jirgi mafi daɗewa a Najeriya. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Kano ta zama babban zango. Daga 1940 ana kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, su bi Sudan zuwa Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. A daidai lokacin kuma ake tilasta wa talakawan Arewa zuwa aikin kuza a Filato saboda buƙatar yaƙin, mutane suka sha wuya da sanyi da yunwa, da yawa ba su dawo gida ba.

Bayan yaƙi, Kano ta zama mashigar duk wanda zai ƙetare Sahara. Jiragen lokacin ba sa iya yin doguwar tafiya ba su sha mai ba, don haka mai zuwa Afirka ta Kudu ko Kwango daga Turai sai ya sauka Kano. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya fara zuwa tun 1947. Kun ga tarihi ya maimaita kansa: abin da Bebeji take ga ayarin jakuna, shi Kano ta zama ga ayarin jirage. Kuma abin da ya sami Bebeji shi ya sami Kano. Da aka ƙera manyan jirage masu tafiyar awa goma ba tsayawa, sai suka riƙa wucewa ta sama. KLM ɗin ma ya tattara ya bar Kano a 2012.

A cikin gida kuwa, a 1946 aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, na haɗin gwiwar Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Ya fara da ƙananan jirage samfurin Dove masu ɗaukar mutum takwas ko makamancin haka. Da irin waɗannan aka haɗa Legas da Kano, Kaduna, Jos, Enugu da sauran garuruwa. Gudun Dove bai fi kilomita 300 a awa ba, don haka Kano zuwa Jos tafiyar kamar awa guda ce. Ku duba fa, wannan kafin a ba mu mulkin kai ne. A lokacin filin jirgin Jos yana cikin gari, har yau unguwar tana amsa sunan tsohon filin jirgi. Daga baya aka koma Heipang.

A 1958 aka kafa Nigeria Airways, ya gaji aikin. Ya zo da Fokker F27 mai farfela, daga baya F28 da Boeing 737. Tsarinsa na cikin gida kamar motar haya yake: jirgi ɗaya ya tashi, ya sauka nan ya ajiye wasu ya ɗauki wasu, ya ƙara gaba. Ba don kowane zango yana kawo riba ake yin haka ba. Kamfanin gwamnati ne, kuma an ɗauki haɗa garuruwan ƙasa a matsayin aikinsa. Gaskiya ne an yi ɓarna a cikinsa, an ci bashi, an lalata dukiya, har ya durƙushe a 2003. Amma wancan tunanin na cewa garin Arewa ya cancanci a haɗa shi da ɗan uwansa kai tsaye, shi ma tare da kamfanin aka binne shi.

A shekarun 1970 ɗin nan ne kuma yankinmu ya ga nasa rabon. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, ga ta Bagauda, ga otal-otal na masu yawon buɗe ido a wuraren biyu, ga dajin Falgore da aka keɓe don namun daji, ga aikin ma'adinai a Riruwai. Manufar a bayyane take: baƙo ya sauka a filin jirgin Kano, ya hau mota ya zo kudu ya kashe kuɗinsa. Yau otal ɗin Bagauda ya zama makarantar horar da lauyoyi, wannan kam an ci riba. Sauran fa? Kowa ya san halin da suke ciki.

Da aka buɗe wa 'yan kasuwa harkar jirage a shekarun 1980, Kanawa ba su yi barci ba. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air, ya yi tashe ƙwarai. Aka samu Okada daga Benin, Chanchangi daga Kaduna, IRS na gidan Isyaka Rabi'u. Yawancin kamfanonin wancan lokaci tsofaffin jirage suka sayo daga Turai da Amurka saboda sauƙin kuɗi, kuma wasunsu sun ci gaba da tsarin nan na tsayawa gari biyu kafin a koma Legas.

A nan ne labarin hanyar Jos zuwa Kano ya zo da ranar da ba za a manta ba. Ranar Asabar 4 ga Mayun 2002, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC 1-11 ya taso daga Jos, ya sauka Kano lafiya, ya ajiye wasu fasinjoji ya ɗauki wasu zai wuce Legas. A lokacin ana gyaran babban titin tashin jirage, don haka gajeren aka yi amfani da shi, ga tsananin zafin rana na watan Mayu. Jirgin ya zarce ƙarshen titi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa yin sama, ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja. Sama da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Cikinsu har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, ɗan jihar Filato. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa iyalansu haƙuri. Bayan wannan hatsari gwamnatin tarayya ta dakatar da jiragen BAC 1-11, ta kuma sa ƙa'idar hana shigo da jirgin da ya haura shekara 22. Matakin ya dace, rai ya fi komai. Sai dai kamfanoni da dama da suka dogara da tsofaffin jirage sun mutu, waɗanda suka rage kuma suka tattara ƙarfinsu a hanyoyin da suka fi kawo kuɗi, wato Legas da Abuja.

Haka muka wayi gari a inda muke. A mafi yawan shekarun nan, Bakanon da ya nace sai ya je Jos ta sama, sai dai ya bi ta Abuja ko Legas. Ta Abuja, kilomita kusan 365 zuwa can, da wasu kusan 190 zuwa Heipang, ya ninka tafiyar ke nan. Ta Legas kuwa, kusan 830 zuwa, kusan 700 dawowa, sama da kilomita 1,500 don a je wurin da ke kilomita 270. Tikiti biyu, jira biyu, wani lokaci har da kwanan otal. Wanda ya hau mota a tashar Unguwa Uku da safe ya riga shi isa, ya yi wanka, ya ci abinci.

Wani zai ce, to ai muna da masu jirage a Arewa, ga Max Air na Katsina, ga Azman, ga Rano Air wanda mai shi ɗan kudancin Kano ne, me ya hana su? A yi musu adalci. Ɗan kasuwa lissafi yake yi. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma a gajeriyar tafiya irin wannan da ya gama hawa sai ya fara shirin sauka. Kuɗin sauka da na hukumomi ana biya ne kowane zango, gajere ko dogo. Gyaran jirgi ma da yawan tashi da sauka ake ƙirga wani ɓangarensa. Kayan gyara da inshora da dala ake biya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Jirgi mai kujera 140 ba zai tashi da mutum 30 ya mayar da kuɗinsa ba. Hanya irin ta Kano zuwa Jos ƙaramin jirgi mai farfela take so, irin ATR mai ɗaukar mutum 50 zuwa 70, ko ma wanda bai kai haka ba. Sannan a faɗi gaskiya, rikice-rikicen da Jos ta sha fama da su tun 2001 sun rage zirga-zirga da yarda tsakanin garuruwan biyu, kuma kowane ɓangare ya yi asara.

Wasu ƙasashen da suka ga wannan matsala ba su bar ta a hannun 'yan kasuwa kaɗai ba. Amurka da ta sakar wa kamfanoni mara a 1978, a shekarar ta kafa shirin tallafa wa jigila zuwa ƙananan garuruwa don kada a yanke su. Indiya ta fito da shirin UDAN a 2016, gwamnati na cike giɓin kuɗi ga kamfanin da ya yarda ya haɗa ƙananan filaye. Faransa kuwa ta bi wata hanyar daban: a 2023 ta hana wasu gajerun tafiye-tafiyen jirgin sama a inda jirgin ƙasa ke iya kai mutum cikin awa biyu da rabi. Kowannensu ya zauna ya yanke shawarar yadda ɗan ƙasa zai je maƙwabcin gari. Mu fa? Mu gina filaye muka iya. Dutse na da shi, Bauchi na da shi, Birnin Kebbi, Gombe, Katsina, kowa na da nasa, an kashe biliyoyi. Amma in ka cire jigilar alhazai da jiragen manya, wanne ne ke kai ka ɗan uwansa ba tare da ka je Abuja ko Legas ba? An gina tashoshi, an manta da motar da za ta haɗa su.

To yanzu mu dawo kan minti goman nan da na ce ku riƙe.

Ko da gobe aka dawo da jirgin Kano zuwa Jos, mutumin Doguwa me ya samu? Daga Riruwai zuwa filin jirgin Kano, a miƙe ma kusan kilomita 150 ne, a mota ya fi haka nesa ba kusa ba. Jos ta fi kusa da shi a kan birnin Kano. Idan ya ce zai hau jirgi, sai ya yi awa uku yana tafiya arewa, ya yi awa ɗaya ko biyu yana jira, sannan jirgin ya dawo da shi ta saman rufin ɗakinsa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin Tudun Wada ma kusan haka. Na Bebeji da Kiru ne ke da ɗan dama-dama, tunda an sake gina titin Zariya zuwa Kano. Don haka idan ana maganar nisa, kada a ruɗe mu da minti 40. Nisan gaskiya shi ne daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar inda za ka.

Tazarar da jirgi ke wucewa a minti goma, ita mai naƙuda ke yi a awa uku idan an ce a garzaya da ita babban asibiti a Kano. Ita buhun masarar Doguwa da raken yankin da shinkafar Tudun Wada ke bi kafin su kai Dawanau ko wata babbar kasuwa, kuma duk ramin da mota ta faɗa, daga aljihun manomi ake cire kuɗinsa. Ita dankalin Turawa da kabeji da karas na Filato ke bi zuwa 'Yankaba. Ita ɗalibanmu ke bi. Kuma a tsakiyarta dajin Falgore yake, inda aka yi shekaru direbobi na gudun kada dare ya yi musu a ciki saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sai da sojoji suka kafa wurin atisaye a dajin a 2017.

Ni abin da nake gani, buƙatunmu a jere suke, kuma kada mu bari a juya mana jerin. Na farko, titin Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, Doguwa, har Saminaka da Jos. Titin tarayya ne da ya haɗa jihohi uku, Kano, Kaduna da Filato. A yi masa gini mai ƙwari wanda zai ɗauki manyan motoci, a daina lallaɓa shi da cikon da damina ɗaya ke wankewa. Idan titin nan ya yi kyau, kilomita 300 bai kamata ta wuce awa huɗu ba. Na biyu, tsaro na dindindin a Falgore, dare da rana, tare da wurin ba da agajin gaggawa ga waɗanda suka yi hatsari, don a daina ɗaukar mai rauni ana neman asibiti da shi tsawon awanni. Na uku, sabon layin dogo na Kano zuwa Kaduna da aka aza harsashinsa a 2021. Wakilanmu su tsaya tsayin daka a samu tashar lodin kaya mai aiki a yankinmu, da titunan da za su kai amfanin gona gare ta. Kada jirgi ya riƙa wuce mu muna ɗaga masa hannu kamar yara. Na huɗu, sannan a zo maganar sama: gwamnonin Arewa su haɗa kai su tallafa wa ƙananan jirage masu zagaya Kano, Jos, Bauchi, Sakkwato, Maiduguri da Yola. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya tun 1964, ba matuƙa muka rasa ba.

Tarihin da muka bi ya nuna abu guda sau uku. Layin dogon Jos ya zagaye mu a 1912. Jirgin sama ya tsallake mu tun zamanin Dove. Kano kanta manyan jirage sun tsallake ta da suka daina buƙatar shan mai. Duk lokacin da aka sake zana hanya, wanda ba ya wurin zanen shi ake bari a baya. Yanzu ma zanen ake yi, a kasafin kuɗi na kowace shekara, a Abuja da Kano.

Saboda haka, 'yan uwa, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, sanata ne, ɗan majalisar tarayya ne ko na jiha, kowace jam'iyya yake, a tambaye shi cikin ladabi: Ranka ya daɗe, nawa aka ware wa titin Kwanar Ɗangora zuwa Saminaka a kasafin bana, nawa aka saki, wane ne ɗan kwangilar, yaushe zai gama? In ya amsa, a rubuta a ajiye. In ya dawo, a karanto masa.

Dattawanmu da suka taɓa hawa jirgin Kano zuwa Jos a zamanin Nigeria Airways, da direbobinmu da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan hanyar Falgore, ku ba matasa labari, su san abin da aka taɓa samu da abin da aka rasa.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ƙasa, Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya zaunar da Kano da Filato da Najeriya baki ɗaya lafiya. Amin.